Baitin Rumbu: Ta'aziyyar Kawuna Baduku

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu komawa wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na Zaitawa, kafin la'asar an kai shi makwanci.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Dukawan kasuwar Kurmi sun rufe rumfunansu sun zo, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, a cikinsu ya tsufa yana ɗinkin fata. Abin da ya ba mutanen unguwa mamaki shi ne makafi. Sun shigo lungunmu a jere, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, wasu tun daga wajen Ƙofar Nassarawa. Ba bara suka zo ba. Babbansu ya tsaya a bakin zaure ya ce, "A ba mu wurin zama, mun zo gaisuwar malaminmu."

Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaushe baduku ya zama malami?"

Ashe makahon ya ji. Ya juyo da fuska ya ce, "Tun ranar da ya sa mana magana a baki."

Ba kowa ne ya yabe shi ba. Malamin unguwarmu ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce, "Allah ya gafarta masa. Mutumin kirki ne, sai dai ya cika tone-tone." A rana ta biyu wata tsohuwa ta iso daga ƙauye, ƙafafunta duk sun kumbura. Aka tambaye ta ko 'yar uwa ce. Ta ce a'a. "Ƙanena yana cikin waƙarsa. Ba mu san inda aka binne shi ba, can kawai muke samunsa." Inna kuwa, mahaifiyata, wadda ita ce autar su Kawu, tana cikin gida tana amsa gaisuwa, idonta a bushe. Mata suka yi ta gulmar bushewar idon nan. Ni na san abin da ba su sani ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yanzu ma an fara cewa waƙar makafi ce, nan da 'yan shekaru ba wanda zai tuna wanda ya haɗa ta.

Mu ba 'yan birni ba ne tun asali. Garinmu yana gabas, tafiyar yini guda. A lokacin yaƙin basasa, da mutanen ƙasar nan suka rabu biyu suna karkashe juna, mayaƙa suka faɗa wa garin wata safiya suka ƙone shi. Ina ɗan shekara uku a lokacin, ban tuna komai ba. Kawu ba ya nan, ya kawo takalma Kurmi. Da ya koma sai ya tarar da toka. Matarsa da mahaifinsa suna cikin waɗanda aka kashe, haka ma mahaifina, wanda aka sare a gona. Ya tattara waɗanda suka rage, ya kawo mu Zaitawa: ni da Inna, da wata maƙwabciyarmu da aka kashe wa miji, wadda na tashi ina kira Iya.

"Ni ban gani ba," haka yake cewa kullum. Da farko tambaya kawai yake yi, don ya san yadda matarsa ta ƙare. Ba wanda ya sani. Amma duk wanda ya tambaya sai ya ba shi labarin wani, har labarai suka yi masa yawa a ka. Sai ya fara jera su baiti-baiti don kada su ɓace masa, yana rerawa a hankali a bakin aiki. Wani makaho da ke hutawa a inuwar rumfarsa ya ji, ya haddace, ya koya wa 'yan uwansa. Daga nan waƙar ta shiga gari.

Rumfata ta ɗinkin riguna ba ta da nisa da tasa, don haka na sha ganin yadda yake yi. In mutum ya zo da magana, Kawu yakan shimfiɗa masa buzu, ya ɓara goro ya miƙa masa, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da huda fata da basilla. Ba ya kallon fuskar mai magana. Na taɓa cewa, "Kawu, ai sai su ga kamar ba ka saurare." Ya ce, "In ka kalle su sai su fara gyara labarin don idonka." Ba ya cewa sai me ya faru. In mutum ya yi shiru, shi ma shiru. Bayan kwana bakwai yakan ce mutumin ya dawo, ya rera masa baitin, ya tambaye shi, "Haka ne?" In an ce ba haka ba ne, ko da kalma ɗaya ce, sai ya warware ya sake. Akwai wani manomi da ya mayar da shi sau huɗu a kan jaki ne ko saniya aka ɗaure a bakin rijiya.

Wata rana wani tsoho mai tabon sara a kumatu ya tsaya ya ce a gyara masa takalmi. Kawu na ɗinki, sai tsohon ya ce, "Waƙar nan taka, akwai wurin da aka ce an zuba gawa a rijiya. Ni ina cikin masu zubawa." Dukawan da ke kusa suka ajiye aiki. Ɗaya ya miƙe tsaye. Kawu bai ɗaga kai ba, ya ce wa wanda ya miƙe, "Zauna, baƙona ne." Tsohon ya yi magana har azahar. Da ya gama, Kawu ya miƙa masa takalminsa, ya raka shi har bakin layi don kada wani ya taɓa shi. Da ya dawo ya kasa zura zare. Ranar bai ƙara aiki ba. Amma baitin tsohon ya shiga waƙa, da maganarsa yadda ya faɗe ta.

Waƙar kashi biyu ce. Na farko na basasa, na biyu na shekarar da Nasara suka shigo, daga bakin mutanen wani gari mai ganuwa da aka fasa da igwa a kan hanya, da waɗanda aka harbe suna gudu. Wata Litinin sai ga tafintan wani Bature, da takardu a hannu. Ya durƙusa ya gaida Kawu da ladabi, ya ce, "Baba, maigidana ya ji labarin waƙarka. Yana tara irinta a littafi, don a san halin da ƙasa take ciki kafin su zo."

Kawu ya ce, "Madalla. Zauna ka rubuta."

Ya yi ta rubutu har aka ƙare kashi na farko. Da Kawu ya shiga na biyu, tafinta ya ɗaga alƙalami. "Baba, wannan ba a buƙatarsa."

"To, ba ni in ga wanda ka rubuta."

Ya miƙa masa. Kawu ya tsoma takardun a kaskon ruwan da yake jiƙa fata, ya danna su da tafin hannu. Ya ce, "Wadda ta ba ni na farko da wanda ya ba ni na biyu, a kan buzun nan da kake zaune suka zauna. Ban ce wa ɗayansu nasa ya fi ba."

Tafinta ya tashi, fuskarsa ta sauya. Wata guda muka yi muna jiran a zo a tafi da Kawu. Ba a zo ba, sai dai aikin jakunkuna da yake samu daga barikin Nasara ya tsaya, bai kuma dawo ba. Kawu bai taɓa ambatarsa ba.

Na faɗi alherinsa, dole in faɗi kuskurensa, don shi ma ba zai yarda in ɓoye ba. Mutum ɗaya tak ya sa a waƙa bai koma ya tambaye ta ba.

Ranar Juma'a ce da safe. Na shigo gaida Inna, na tarar tana kaɗi a tsakar gida. A lokacin na yi aure, har da 'ya'ya biyu. Wani makaho ya tsaya a zaure yana rera waƙar Kawu, kamar yadda suke bi gida-gida ranar Juma'a. Mun saba ji, ba mu ko tsaya da hira ba. Sai ya zo wani baiti da ban taɓa ji ba:

An kafa mashi bisa wuyan ɗanta,
An ce ina maza, ta miƙa hannunta,
Rumbun da ke bayan gidan maƙwabtanta,
Nan aka kai wuta a kan idonta.

Mazari ya suɓuce daga hannun Inna ya gangara. Ba ta bi shi ba. Ta ɗago ta dube ni, amma ba fuskata take kallo ba, wuyana take kallo. Ina da wani ɗan tabo a ƙarƙashin haɓa, tun ina yaro take ce mini karan dawa ne ya soke ni. Na kai hannu na taɓa shi.  Na gane cewa ni ne ɗan, kuma rumbun na gidan Iya ne.

Ta ɗauki mayafi ta fita. Na bi ta har Kurmi. Ban taɓa ganin Inna ta ɗaga murya a gaban maza ba sai ranar.

"Yaya, sau ɗaya na gaya maka. Sau ɗaya, a shekarar da na yi ciwo na zaci mutuwa zan yi. Shi ne ka ba makafi suna yawo da shi ƙofa-ƙofa?"

Kawu ya ce, "Auta, ban faɗi sunanki ba."

"Iya tana buƙatar suna? Wannan yana buƙatar suna?" Ta nuna ni. Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. "Manomi ka tambaye shi har sau huɗu a kan jaki. Ni fa?"

Ya ajiye basilla. Sannan ya ce, "Na san in na tambaye ki za ki ce a'a."

"To ai ka san amsata ke nan."

Ta juya ta tafi. Shekara biyu ba ta yi masa magana ba. Gida ɗaya suke, katanga kawai ta raba sassan. Takan aika masa da tuwo, amma in ya yi sallama a sashenta sai ta shige ɗaki. Shi kuwa ya bi makafi ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu su cire baitin. Wasu suka cire. Wasu suka ce a nan ne mutane suka fi tsayawa su saurara. Har fatake sun tafi da shi wasu garuruwa. Na taɓa jin wani mai tura jakai yana rera shi a bakin ƙofar gari, yana dariya da abokinsa a tsakanin baiti da baiti. Ranar na je na gaya wa Kawu maganar da ban taɓa gaya wa babba ba. Na ce ya mai da uwata abin nishaɗin 'yan hanya. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Na yi zaton in na bar shi, mazan nan sun mutu ke nan ba wanda ya san yadda aka yi. Wannan gaskiya ne. Amma ba nawa ba ne da zan bayar. Shi ma gaskiya ne. Na kasa haɗa su."

Ni kaina na yi watanni ba na iya bi ta ƙofar Iya. Matar da ta goya ni, ta yi mini wanka, take ajiye mini ƙosai. In na hango ta sai in sake hanya.

Ita ce ta zo da kanta. Wata Asabar bayan la'asar ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a kan turmi, ta ce a kira Kawu. Da ya shigo, Inna ta miƙe za ta shige ɗaki, Iya ta ce, "Auta, zauna. Kai ma zauna." Muka zauna mu uku a gabanta kamar masu laifi.

Ta ce wa Inna, "Kin ɗauka waƙa ce ta gaya mini? Ina kwance a bayan danga ranar. Na gan ki, na ji ki."

Inna ta rufe fuska da mayafi.

"Shekara goma in na ɗauki yaron nan sai hannuna ya yi nauyi. Ina ɗaukarsa dai, don ba shi ya yi ba. Na yafe miki tun shekarar yunwa, da kika raba 'yar dawarku biyu kika kawo mini rabi. Amma ban gaya miki ba. Na so ki ci gaba da jin abin da kike ji. Wannan kuma nawa laifin ne, Allah ya yafe mini."

Sannan ta juya ga Kawu. "Kai kuwa da kai nake faɗa. Ka ce maza. Maza! Kamar buhunan gero. Su shida ne, kowa da gidansa. Mijina maƙeri ne, shi ya ƙera maka basillarka ta farko, ka manta? Ya kira ni sau biyu daga cikin rumbun, ban amsa ba. In za ka faɗa, ka faɗa duka."

Kawu ya ce, "Faɗa mini su, Iya."

Ta lissafa su: maƙeri, da ladan, da wasu tagwaye da ba su daɗe da aure ba, da wani gurgu mai saƙar tabarma, da baƙon da ya kwana a garin bai san kowa ba. Kowannensu Kawu ya yi masa baiti, ya kai wa Iya ta ji. Sai dai baitin Inna ya bar shi yadda yake, don ba shi da ikon cirewa, ba shi kuma da bakin da zai gyara. Tun daga lokacin Inna ta fara amsa sallamarsa, amma ba ta wuce gaisuwa.

A shekararsa ta ƙarshe ƙirji ya kama shi, ya daina zuwa kasuwa. Ya ce in zo da takarda in rubuta waƙar da ajami, don ta fara zame masa. Kullum da hantsi nake zuwa, yana faɗa ina rubutawa. Da muka iso baitin rumbu sai ya ce, "Bar wurin fari. Tsallake." Na bar fili na wuce.

Kwana huɗu kafin ya cika, muna cikin aiki sai ga Inna a bakin ƙofa, da kwanon kunu. Ta ajiye, ba ta fita ba. Ta zauna a ƙasa kusa da gadonsa.

"Yaya, baitin nan naka ba daidai ba ne."

Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ya ce, "Ina ji, Auta."

"Ka ce na miƙa hannu. Ban miƙa hannu ba. Hannuna biyu suna riƙe da ƙafarsa, ɗaya daga cikin mayaƙan yana jan sa. Da baki na faɗa. Ba su ma tambaye ni sau biyu ba. Na ce suna rumbu. Ka sauwaƙe mini ne, ka sa kamar hannu ne ya tafi da kansa. Ni na faɗa." Ta dube ni, wannan karon a fuska. "Kuma da za a sake dawo da ranar, ban san abin da zan ce ba. Rubuta."

Na rubuta. Kawu ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi, yana neman yadda zai sa maganar cikin karin waƙa. Ya gwada, ya tsaya, ya sake gwadawa. Numfashinsa ya yi gajere. Can ya buɗe ido ya ce, "Auta, ta ƙi shiga. In na sa ta a kari sai na rage wani abu."

Ta ce, "To kada ka rage. Bar ta yadda na faɗa."

Ya ce, "Kin yarda a ba makafi?"

"A ba su. Ni na ce a ba su."

Ta ɗauki kunun ta tallafo kansa ta ba shi. Ya sha kurɓi uku. Nan ta yi kukanta, a ƙirjinsa, yana da rai yana ji, har na tashi na ba su wuri.

Yanzu in ka ratsa Kurmi ka ji ana rera waƙar, ka dakata. Akwai wurin da mai rerawa yake yanke kari, ya yi magana da muryar da ake sayen gishiri da ita: "Hannuna biyu suna riƙe da ƙafarsa. Da baki na faɗa. Na ce suna rumbu." Sai ya ɗan numfasa, ya koma waƙa. Wasu har yau tsohon baitin suke yi, ba yadda na iya da su. Amma inda ake yin sabon, ban taɓa ganin wanda ya yi dariya ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya ɗauka ba da izini ba, ya saka masa a kan abin da ya riƙe amana. Ya jiƙan matarsa da ya mutu bai ji labarinta ba. Ya jiƙan maƙeri da ladan da tagwaye da mai tabarma, da baƙon da har yau ba mu san garinsu ba. Mu da muka rayu a bayansu, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.